Ƙudan mangwaro da sunayensa: abin da ya sauya a takarda da abin da ya shafi masu garka a Damagaram

Duk wanda ya tara takardun horon da ake raba wa masu garka a kan tsutsar mangwaro zai tarar da sunaye biyu suna yawo a cikinsu. Waɗanda aka buga kafin 2015 suna cewa Bactrocera invadens ne ke ɓata mangwaro a Afirka ta Yamma, na baya-bayan nan kuwa Bactrocera dorsalis suke rubutawa. A ɓangaren kankana, malo da kabewa ma haka abin yake: da ana cewa Bactrocera cucurbitae, yanzu ana cewa Zeugodacus cucurbitae. Da yake tsofaffin takardun suna nan a ofisoshi da intanet, malamin gona ko ɗalibi ko mai garka a Mirya da Matamaye yana iya zaton wani sabon ƙuda ne ya shigo ƙasa ya maye gurbin na da.

Ƙudajen dai su ne na jiya. Abin da ya sauya shi ne wurin da masana suka ajiye su a jerin halittu. Sai dai sauye-sauyen biyu ba hanya ɗaya suka bi ba. A na mangwaro an gano cewa sunaye da yawa ƙuda ɗaya suke nufi, sai aka haɗe su. A na kankana kuwa an gano cewa ƙudan yana zaune a gidan da ba nasa ba, sai aka fitar da shi. Kowanne da abin da yake jawowa, wani a cikin garka, wani a kan iyaka.

Yadda ake jera halittu da ba su suna

Tsarin da ake bi a yau ya samo asali daga Carl Linnaeus, masanin ƙasar Suwidin, kuma aikinsa na 1758 aka ɗauka a matsayin mafarin sunayen dabbobi da ƙwari. Kowace halitta tana da suna mai kalma biyu. Kalmar farko tana nuna jinsi, wato gungun halittun da ake ganin kakansu na kusa ɗaya ne. Ta biyu tana fayyace nau'i, wato waɗanda ke barbara da juna su haifi ƴaƴan da su ma za su haihu. A sunan Bactrocera dorsalis, Bactrocera shi ne jinsi, dorsalis kuma nau'i. Jinsunan da ke kusa da juna ana tara su a dangi ɗaya, dangogi kuma a rukuni ɗaya.

Ƙudajen da ke sa wa ƴaƴan itace tsutsa suna cikin rukunin Diptera, masu fiffike biyu, tare da sauro, ƙudan gida da ƙudan tsando. Danginsu shi ne Tephritidae, mai nau'i kusan 5,000 a cikin jinsi kimanin 500. Mafi yawansu ba ruwansu da gonar kowa. Reshen da ya fi ɓarna a Afirka da Asiya ana kiransa Dacini, kuma wani lissafi da aka buga a 2018 ya ƙirga nau'i 932 a cikinsa: 461 a jinsin Bactrocera, 273 a Dacus, 196 a Zeugodacus, sai 2 a wani ƙaramin jinsi mai suna Monacrostichus.

Akwai hukumar ƙasa da ƙasa mai kula da sunayen dabbobi, ICZN, da kundin ƙa'idojinta. Ƙa'idar da ta fi shafar wannan batu ita ce ta wanda ya riga: idan aka tabbatar sunaye biyu na halitta ɗaya ne, tsohon suna ne ke tsayawa, sabon ya zama abin ambato kawai. Amma hukumar ba ta yanke hukunci a kan ko ƙudaje biyu nau'i ɗaya ne ko biyu. Wannan aikin masu bincike ne. Wani ya kawo hujja ya buga, sauran su auna, su bi ko su ƙi. Shi ya sa gardama kan iya ɗaukar shekaru, kuma mutum ya ga littattafai biyu na kirki suna kiran ƙuda ɗaya da sunaye daban.

Wani ƙaramin abu yana taimaka wa mai karanta irin waɗannan takardu. A kan rubuta cikakken sunan haka: Bactrocera dorsalis (Hendel, 1912). Hendel shi ne wanda ya fara bayyana ƙudan, 1912 kuma shekarar da ya yi hakan. Baka biyun da suka kewaye sunansa suna nuna cewa a wani jinsi daban ya ajiye shi da farko, daga baya aka ɗauke shi.

Ƙananan ƙudajen kasuwa ba su ne masu laifin ba

Kafin a shiga jinsunan ɓarna, akwai wani ruɗani da ya kamata a kawar. Ƙananan ƙudajen nan masu jan ido da ke tashi bisa ruɓaɓɓen mangwaro ko tumatir a Kasuwar Dole, su ma a makaranta ana kiransu ƙudan ƴaƴan itace. Waɗannan jinsin Drosophila ne, dangin Drosophilidae. Ɗaya daga cikinsu, Drosophila melanogaster, shi ne wanda Thomas Hunt Morgan ya yi nazarin gado da shi a Amurka har ya sami kyautar Nobel a 1933. Galibinsu ba sa iya huda lafiyayyen ɓawo. Warin ruɓa ke kiransu, suna zuwa ne bayan ɓarna ta riga ta auku. Mai ɓarnar na gaskiya ya gama aikinsa tun mangwaron yana bisa itace.

Jinsuna huɗu a garka ɗaya

Abin da mai garka ke gani ɗaya ne ko da wane ƙuda ne: ɗan ɗigo baƙi a jikin ɓawo, wani lokaci da ɗan danƙo yana tsatsa daga wurin, sai laushi ya kewaye shi, sai mangwaron ya faɗo tun bai kai ba. In an tsaga, a tarar da fararen tsutsotsi marasa ƙafa, waɗanda in sun ƙosa suke lanƙwashewa su yi tsalle. Macen ce ta huda ɓawon da tsinken da ke ƙarshen cikinta ta zuba ƙwai. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana ɗaya ko biyu, tsutsar ta ci nama kamar mako ɗaya zuwa biyu, ta fito ta shige ƙasa ta ƙulle cikin kwanso mai ruwan ƙasa, bayan kwana goma da ɗoriya sabon ƙuda ya fito. Da yake tsutsotsin duk kamarsu ɗaya a ido, sai a ɗauka ƙuda ɗaya ne. Manyan ne ke nuna bambanci.

Ceratitis ɗan ƙasa ne, asalinsa Afirka, kuma an ba jinsin suna tun 1829. Ƙarami ne, fukafukansa masu zane-zanen rawaya da baƙi, yana tafiya bisa ganye da su a buɗe. Ceratitis cosyra ya daɗe yana rayuwa a nunu, wato ƴaƴan danya, da gwandar daji, tun kafin mangwaro ya yaɗu a ƙasashenmu, kuma yana jure zafi da fari. Ƴan'uwansa Ceratitis quinaria da Ceratitis silvestrii su ma na busassun yankuna ne. Ceratitis capitata, wanda Turawa ke danganta wa Tekun Bahar Rum, shi ma daga Afirka kudu da Sahara ya fita.

Dacus, wanda Fabricius ya raɗa wa suna a 1805, yawancin nau'insa na Afirka ne, kuma abincinsu dangin kabewa da dangin tumfafiya. Jikinsa ja-ja ne, da siririn ƙugu irin na zanzaro, gaɓoɓin bayan cikinsa kuma a manne suke da juna. Dacus ciliatus da Dacus vertebratus su ne ke huda kankana da malo tun suna ƙanana har su karkace. Dacus longistylus kuwa a cikin ƴaƴan tumfafiya yake zamansa, ba ya cutar kowa.

Bactrocera, sunan da Macquart ya ba shi a 1835, gidansa Asiya ne da Ostareliya da tsibiran Pasifik. Bactrocera dorsalis yana da tsawon milimita 8 ko kusa da haka, ya ɗan fi ƙudan gida. Fiffikensa garau yake, sai siririn baƙin layi a gefen gaba. Yana da ratsin rawaya biyu a gefunan gadon baya, da baƙin zane mai siffar harafin T a bayan ciki. Mace ɗaya tana iya zuba ƙwai sama da 1,000 a rayuwarta, kuma an same shi a cikin ƴaƴan tsirrai fiye da iri 200, har da gwaba, lemu, gwanda, ayaba da kaɗanya.

Zeugodacus cucurbitae yana kama da shi, amma ratsin rawayan bayansa uku ne, ɗaya a tsakiya, kuma akwai baƙin tabo a ƙarshen fiffike da wani a tsakiyarsa. Tsutsar magarya da kurna kuma ta wani jinsi ce daban, Carpomya, wanda dangi kawai ya haɗa shi da waɗannan.

Daga Dacus dorsalis zuwa Bactrocera invadens

Friedrich Hendel, masanin ƙwari ɗan Ostiriya, ya bayyana ƙudan a 1912 daga samfuran da aka kamo a tsibirin Taiwan, ya kira shi Dacus dorsalis. A wancan lokaci da shekaru da yawa bayansa, ana ɗaukar Bactrocera a matsayin ɓangare kawai na Dacus. A 1989 ne Richard Drew, masani ɗan Ostareliya, ya ɗaga shi ya zama jinsi mai zaman kansa, ya mayar da yawancin nau'o'in Asiya cikinsa.

A 1994 Drew da David Hancock suka sake duba ƙudajen Asiya masu kama da dorsalis, suka ce ba nau'i ɗaya ba ne, gungu ne mai nau'i 52 da ke da wuyar rarrabewa. Cikin sababbin sunayen da suka kawo akwai papayae na Maleshiya da Indunusiya, philippinensis na Filifin, da carambolae. Bambancin da suka dogara a kai ƙanana ne ƙwarai: tsawon tsinken mace, tsawon gaban namiji, faɗin layin fiffike, launin baya.

A 2003 aka kama wani baƙon ƙuda a tarkuna a gaɓar tekun Kenya. A 2004 an same shi a Benin da Senegal, kuma cikin ƴan shekaru ya game kusan duk Afirka kudu da Sahara, har da Nijar. Ya yi kama da dorsalis, amma launin bayansa yana sauyawa daga ja zuwa baƙi fiye da yadda aka saba gani. A 2005 Drew, Kenji Tsuruta da Ian White suka bayyana shi a matsayin sabon nau'i, Bactrocera invadens, suka danganta asalinsa da Siri Lanka.

Nan ne sunan ya fara cin kuɗi. A dokokin kare tsirrai, sabon nau'i sabuwar annoba ce. Duk hanyoyin kashe tsutsa a cikin kaya da aka amince da su don dorsalis, kamar sanyaya ƴaƴan itace na wasu kwanaki ko tsoma su a ruwan zafi, ba a iya cewa sun shafi invadens sai an sake gwaji. Ƙasar da ke da dorsalis a gonakinta ma tana da hurumin hana kayan Afirka shiga, tun da a takarda ba ta da invadens. Ƙasashen da ba su da ko ɗaya kuwa suka rufe ƙofa: a 2007 Afirka ta Kudu ta hana shigo da fiya daga Kenya saboda wannan ƙuda.

Hujjar masu haɗewa

Tun da wuri ma'aikatan kan iyaka da masu bincike suka lura cewa ba sa iya rarrabe waɗannan ƙudaje sai sun san ƙasar da aka kamo su. Wanda aka kama a Bankok dorsalis ne, na Kwala Lamfur papayae, na Nairobi invadens, alhali a ƙarƙashin madubin ƙara girma da ƙyar ake ganin bambanci. Hukumar abinci ta FAO da hukumar makamashin nukiliya ta IAEA suna da ruwa a ciki, domin suna tallafa wa dabarar sakin mazan ƙuda da aka mayar bakarare, kuma dabarar ba ta aiki sai in mazan da aka saki suna barbarar matan daji. Don haka suka haɗa masana kusan 50 daga ƙasashe 20 a kan batun.

Sakamakon ya fito a ƙarshen 2014, aka buga shi a mujalla a 2015, Mark Schutze na jami'ar fasaha ta Kwinsland yana kan gaba. Hujjojin daga fuskoki daban suka zo. Da aka auna jikin ƙudaje masu yawa daga Indiya har Filifin da Afirka, an ga tsawon tsinke da launin baya suna sauyawa sannu a hankali daga yanki zuwa yanki, babu inda aka sami tsagi da za a ce nan wannan ya ƙare wancan ya fara. Nazarin DNA, wato sinadarin gado da ke cikin jikin kowace halitta, bai raba su gida-gida ba. Tsarin zaren gadon da ke cikin ƙwayoyin jikinsu iri ɗaya ne. Sinadarin da namiji ke tarawa don jan hankalin mace shi ma ɗaya ne. Sannan a manyan kejuna masu itace a ciki, a ɗakin binciken IAEA da ke Seibersdorf a Ostiriya, ƙudajen Afirka da na Asiya sun yi barbara ba tare da zaɓe ba, suka haifi ƴaƴa masu haihuwa.

A kan haka aka mayar da invadens, papayae da philippinensis ƙarƙashin dorsalis, tun da shi ne tsohon suna. Abin lura shi ne carambolae ba a haɗe shi ba. An yi masa gwaje-gwajen nan duka, aka ga DNA ɗinsa da sinadarinsa sun bambanta, kuma a keji ya fi son nasa. Wannan ya ƙara wa sakamakon nauyi, domin ya nuna ma'aunin yana iya cewa a'a.

Hujjar masu rabewa

Drew bai yarda ba, kuma shi da abokan aikinsa, Meredith Romig da Hancock, sun ci gaba da rubuta invadens da papayae a matsayin nau'o'i masu zaman kansu. Ba gardamar banza suke yi ba. Matsayinsu shi ne cewa nau'i ana gane shi ne a daji, a bisa itacen da ƙudan ya zaɓa da yadda mace ke gane namijinta a can, kuma keji yana tilasta haɗuwar da ba za ta faru a fili ba. Suna da misali mai ƙarfi a ƙasarsu. Bactrocera tryoni da Bactrocera neohumeralis suna zaune wuri ɗaya a gabashin Ostareliya, DNA ɗinsu kusan ɗaya ne, ana iya haɗa su a ɗakin bincike su haihu, amma kowa ya yarda nau'i biyu ne, saboda ɗaya da magariba yake barbara, ɗayan kuma da rana tsaka. Idan haka tana yiwuwa, in ji su, kamannin DNA da barbarar keji ba su isa hujja ba. Suna kuma cewa ƙwararren ido yana ganin bambancin siffa da ma'aunin jimla ke ɓoyewa.

Masu haɗewa suna amsa cewa a misalin Ostareliya an san abin da ya raba ƙudajen biyu, wato lokacin barbara, amma tsakanin dorsalis da invadens an nema ba a samu ba: duka da magariba suke haɗuwa, ƙanshi ɗaya ke jan su. Kuma bambancin da sai mutum ɗaya ko biyu a duniya ke iya gani ba zai yi wa ma'aikacin kan iyaka amfani ba.

In aka auna, nauyin hujja yana wajen masu haɗewa, kuma can aiki ya karkata: FAO, yarjejeniyar kare tsirrai ta duniya da Tarayyar Turai duk dorsalis suke rubutawa. Amma akwai abu ɗaya a maganar Drew da bai kamata a yar ba. Suna ɗaya ba ya nufin hali ɗaya a ko'ina. Ƙudan da ya zauna a Sahel shekara ashirin yana iya bambanta da na Taiwan wajen jure zafi ko zaɓen abinci, kuma wannan sai binciken gida ne zai nuna shi.

Fitar da ƙudan kankana daga Bactrocera

Labarin Zeugodacus ya fi sauƙi. Coquillett, masanin ƙwari ɗan Amurka, ya bayyana ƙudan kankana a 1899 daga Hawai da sunan Dacus cucurbitae, daga baya ya bi sauran na Asiya zuwa Bactrocera, a wani ɓangare da Hendel ya kira Zeugodacus tun 1927. Da aka zana bishiyar dangantaka ta hanyar DNA, sai aka ga wannan ɓangare ya fi kusa da Dacus a kan sauran Bactrocera. Abincinsu ma ya nuna haka, domin dangin kabewa suka fi so. Ƙa'idar zamani ita ce jinsi ya ƙunshi zuriyar kaka ɗaya, don haka a 2015 Massimiliano Virgilio, Marc De Meyer da abokansu na gidan tarihin Tervuren a Beljiyam suka ɗaga Zeugodacus ya zama jinsi. Drew da Hancock a nan ma sun fi son tsohon tsari, amma yawancin masu rubutu sun bi sabon. Ƙudan ya daɗe a gabashin Afirka, tun shekarun 1930, ya bayyana a Afirka ta Yamma wajen shekarar 2000.

Abin da ya shafi mai garka

Amfanin farko na haɗe invadens da dorsalis shi ne ilimin shekaru masu yawa ya zama namu kai tsaye. An yi ta fama da wannan ƙuda a Hawai tun shekarun 1940. Japan ta kawar da shi daga tsibiran Okinawa a 1986 ta hanyar karkashe maza da ƙanshin metil ejenol haɗe da guba. Ostareliya ta kawar da shi daga yankin Cairns bayan ɓullarsa a 1995, lokacin ana kiransa papayae. Wani ɗan ƙwaro mai suna Fopius arisanus, da ke zuba ƙwansa cikin ƙwan ƙudan, ya rage shi sosai a Hawai, kuma an sake shi a Kenya, Benin da Senegal. Sai dai Okinawa tsibiri ne. A kwarin Korama, inda garka ke manne da garka daga Matamaye har Magarya da Dungas, wanda ya tsabtace tasa shi kaɗai ƙudan maƙwabci zai ci gaba da zuwa masa.

Inda sanin suna ya fi tasiri shi ne wajen sayen tarko. Kowane ƙanshi da ƙudan da yake kira. Metil ejenol yana jan mazan dorsalis daga nesa, amma ba ya jan ƙudan kankana, ba ya kuma jan Ceratitis cosyra. Zeugodacus cucurbitae yana zuwa ga wani ƙanshi da ake rubutawa Cuelure a jikin kwali, haka ma wasu Dacus, amma Dacus ciliatus ba ya amsa ko ɗaya cikin biyun. Ceratitis cosyra ana kama shi da tafinil asetat. A da, mai kankana da ya ga Bactrocera a takardarsa, ya ga Bactrocera a jikin maganin mangwaro, yana iya zaton abu ɗaya ne ya saya. Sabon sunan ya rage wannan kuskure, ko da yake jinsi kaɗai ba ya faɗin ƙanshin da ya dace, sai an san nau'i.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Binciken da aka yi a yankin Borgu na arewacin Benin ya nuna cosyra ne ke da rinjaye a lokacin bazara, dorsalis kuma yana hauhawa da zarar ruwa ya sauka, kuma asarar mangwaro ta tashi daga kimanin kashi 17 cikin ɗari a farkon Afrilu zuwa kimanin kashi 73 a tsakiyar Yuni. Damagaram ta fi Borgu bushewa nesa ba kusa ba, damina kuma tana makara, don haka alƙaluman can ba namu ba ne. Amma darasin yana nan: mangwaron da ke nuna da wuri cikin zafin Afrilu da Mayu ya fi fuskantar Ceratitis, mai aure da ke makara irin su Kent da Keitt, da gwaba da lemun fadama da ake ba ruwa duk shekara, su ne suka fi buɗe wa dorsalis ƙofa. Wanda ya rataye tarkon metil ejenol a watan Afrilu ya ga babu komai a ciki, alhali mangwaronsa na zuba, ba lalle maganin ne jabu ba. Mai yiwuwa ƙudan da ke ɓarnar ba shi ne wanda tarkon ke kira ba.

Akasin haka ma yana ruɗi. Gorar ruwa da aka huda, aka rataya auduga mai ƙanshi a ciki, tana iya cika da ƙudaje cikin mako ɗaya, amma duka maza ne, mata kuwa su ne masu huda. Mata ana samun su ne da abincin tarko mai furotin haɗe da guba, irin Success Appât mai sinadarin sipinosad, wanda ake ɗiga wa wani sashe na ganye ba itacen duka ba. Shi wannan bai damu da ko ƙudan Ceratitis ne ko Bactrocera ko wani jinsin ba. Haka ma tsince abin da ya faɗo a kai a kai, a binne shi a rami mai zurfin rabin mita ko fiye, ko a ƙulle shi a baƙar leda a bar shi a rana kwana biyu zuwa uku: yana katse rayuwar Ceratitis, Dacus, Bactrocera da Zeugodacus baki ɗaya, kuma ba ya buƙatar a san sunan kowa. Kafin mutum ya kashe jikarsa a kan ƙanshi, ya tabbatar da maganin yana cikin jerin waɗanda kwamitin magungunan ƙwari na ƙasashen Sahel, na ƙungiyar CILSS, ya amince da su.

Kasuwa da kan iyaka

Ga ƙasashen da ke kai mangwaro Turai, kamar Mali, Burkina Faso, Kodebuwa da Senegal, haɗe sunan bai sassauta komai ba. Sabuwar dokar kare tsirrai ta Tarayyar Turai ta fara aiki a ranar 14 ga Disamba 2019, kuma dorsalis yana cikin annoba 20 da aka ba fifiko, bayan an kama shi a tarko a kudancin Italiya a 2018. Tsutsa ɗaya ta isa a tsare kaya duka. Abin da haɗewar ta kawo shi ne cewa hanyoyin kashe tsutsa a cikin kaya da aka riga aka amince da su don dorsalis yanzu ana iya kafa hujja da su, kuma ƙasashen Asiya masu ƙudan ba su da dalilin kiransa baƙo.

Mangwaron Damagaram yawancinsa a cikin ƙasa ake shanye shi, don haka wannan bai taɓa aljihun mai garka kai tsaye ba tukuna. Abin da ya fi kusa shi ne zirga-zirgar kaya. Motocin mangwaro da lemu suna shigowa daga kudu ta Ɗan Barto da sauran hanyoyin Najeriya, kuma abin da ya lalace a hanya a bakin kasuwa ake zubar da shi. Tsutsar da ke ciki ta shige ƙasa a nan, ƙuda ya fito a nan. Tarin ruɓaɓɓen kaya a tasha ko bayan rumfa wurin haihuwa ne kamar gindin itace, kuma kula da shi aikin magajin gari ne da shugabannin kasuwa.

Akwai kuma wani ɗan jinsin Bactrocera da ya kamata a sa wa ido daga arewa da gabas. Bactrocera zonata, shi ma ɗan Asiya, ya kafu a Masar, Libiya da Sudan, kuma ya fi dorsalis jure bushewa. Metil ejenol ɗin nan ɗaya ke jan sa, don haka yana iya faɗawa tarkon mai garka a ƙirga shi da dorsalis ba a sani ba. Launinsa ya fi haske, ba shi da cikakken zanen T a bayan ciki, layin gefen fiffikensa kuma ya yanke, sai ɗan tabo a ƙarshe. Mai garkar da ya ga ƙuda mai irin wannan siffa a tarkonsa, ya zuba shi a ƙaramar kwalba da alkol irin na asibiti, ya rubuta sunan gari, ranar kamu, irin itacen da irin ƙanshin da ke tarkon, ya miƙa wa ma'aikatan kare tsirrai na jiha, su kuma su isar da shi ga masu binciken INRAN, wato cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, ko jami'ar André Salifou ta Damagaram don a tantance.